Amsoshin Tambayoyinku: Neman Malamin Turanci ga Iyaye Dattawa

Jama'a masu sauraro, wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke unguwar Mabera a nan birnin Sakkwato. Ta ce mahaifinta, wanda ya haura shekara 65 kuma ya yi rayuwarsa a cinikin fata, yana karanta ajami sarai, amma duk saƙon da banki ya turo masa sai ya riƙe wayar ya jira jikansa ya taso daga makaranta. Mahaifiyarta kuwa burinta ta iya karanta rubutun da ke jikin kwalin magani. Tana tambaya: ina za ta samu malamin da zai koya musu Turanci a gida, kuma nawa ya dace ta biya shi?

To, 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Samun malami ba zai yi miki wuya a Sakkwato ba, domin akwai ɗaliban Turanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ga kuma malaman da ke koyarwa a azuzuwan yaƙi da jahilci. Sai dai ni a ganina, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya fi dacewa da Baba, saboda dattijon da ya saba a durƙusa a gaishe shi ba zai ji daɗin sa'an jikansa ya riƙa gyara masa baki ba, kuma ranar da ya ji an kunyata shi, ranar ce zai ajiye littafin. Ita kuwa Inna a nema mata malama mace, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta riƙa tura jajis, wato malamai mata, suna karantar da mata tun ƙarni na 19.

Kafin ku daidaita, ki zauna a darasin gwaji ki gani da idonki. Malamin kirki zai ɗauki wayar Baba ya nuna masa kalmar da ke nufin kuɗi sun shiga da wadda ke nufin sun fita, ya rubuta su da manyan baƙaƙe, har ya bar shi ya rubuta lafazinsu da ajami a gefe. Wanda ya zo da littafin 'yan aji ɗaya yana karanta sunayen dabbobi bai fahimci aikin ba. Lambar sirri ta banki kuma kada ta shiga cikin darasi ko kaɗan.

Batun lada shi ne inda aka fi samun saɓani, musamman idan malamin ɗan unguwa ne ya ce "haba, ai Baba ubana ne, ko me aka bayar ya yi". Kada ki yarda da wannan kara, domin a ƙa'idar ijara, wato ɗaukar mutum aiki bisa lada a shari'ar Musulunci, sai an san lada kafin a fara aiki. Ga ma'auni: mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka amince da shi a 2024, naira 70,000 ne a wata, kuma idan aka raba shi a kan kwana 22 na awa takwas-takwas, awa guda ba ta wuce kusan naira 400 ba. Wannan na ma'aikacin da ke matakin ƙasa ne. Malamin da zai shirya darasi, ya hau kabu-kabu ya zo ya koma, awa gudan da kika gani ta cinye masa biyu ko uku, don haka ladansa ya kamata ya ninka wancan sau da dama, kuɗin abin hawa kuma a ware shi daban, a riƙa duba shi idan farashin mai ya motsa.

Ki ƙirga kuɗin a kan yawan zama, misali sau uku a mako da hantsi ko bayan La'asar, a biya a ranar da aka ajiye. Idan Baba ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure ba a sanar da malami ba har ya iso ƙofar gida, to ya ci ladan wannan zama. Ku kuma yanke tun yanzu ko za a dakata a watan azumi, da abin da za a ba shi a lokacin hutun.