Runduna ta 154: Direbobin Sikotlan Masu Ciyar da Fagen Daga

Jama'a, duk sojan da kuka gani a bakin daga riƙe da bindiga, akwai wanda ya kai masa harsashi da ruwan sha da abinci, akwai kuma wanda ya zuba wa motarsa mai. A Sikotlan, wani yanki na Birtaniya, cikin masu wannan aikin akwai Runduna ta 154, wadda hedikwatarta ke garin Dunfermline, tsallaken ruwa daga Edinbara.

Abin da ya bambanta ta shi ne yawancin mutanenta sojojin ko-ta-kwana ne. Ranar Litinin wani yana tuƙa bas, wata tana aikin jinya, wani yana ɗalibta a jami'a. Da yamma sau ɗaya a mako, da kuma wasu ranakun ƙarshen mako, sai su saka kaki su tafi atisaye. Ana sa ran kowa ya cika aƙalla kwana 27 a shekara, ciki har da sansanin horo na mako biyu. Ana biyansu kuɗin ranakun da suka yi, wanda ya cika sharuɗɗa kuma a ƙara masa ihisanin shekara da ba a cire wa haraji.

Tarihinta a taƙaice: a 1967 aka kafa rundunonin sufuri biyu, ta 153 a yankin tuddai na arewa, ta 154 a kudu. A 1993 aka haɗe su wuri ɗaya, shekarar da Birtaniya ta dunƙule masu sufuri da masu kayan yaƙi da masu dafa abinci da masu kai wasiƙu cikin sashen soja ɗaya mai suna Royal Logistic Corps. Yau Runduna ta 154 tana da rassa a Gilasgo da Edinbara da Irvine, ban da na Dunfermline.

To yanzu mu dubi motar da suke tuƙawa. Ƙirar kamfanin MAN ce, akwai mai ɗaukar tan 6, akwai 9, akwai 15. Wasunsu suna da hannun ƙarfe mai ƙugiya a baya. Direba zai yi ribas, ƙugiyar ta kama dandamalin da aka jibge kaya a kai, ta janyo shi bisa motar cikin 'yan mintuna, ba tare da ɗan dako ko ɗaya ba. Idan ya isa, ya sauke ya juyo. Saurin nan ba ƙawa ba ne, domin motar da ta daɗe tsaye a wuri ɗaya ita abokan gaba ke fara hangowa.

Tuƙin ma ba irin na kwalta kaɗai ba ne. Ana koya musu tafiya a ayari cikin duhu fitila a kashe, da barin rata tsakanin mota da mota, da fitar da wadda ta kafe a laka, da kare kai idan an yi musu kwanton ɓauna. A Iraƙi da Afganistan, inda sojojin ko-ta-kwana na Birtaniya da dama suka yi aiki, bama-baman gefen hanya sun sha rutsawa da ayarin kaya. Ni a ganina, direban da ya san haka kuma ya tayar da mota ya cancanci yabo daidai da na mai bindiga.

Idan aka kira ɗayansu zuwa aiki na watanni, ina makomar aikinsa na gida? Wata dokar Birtaniya ta 1985 ta wajabta wa wanda ya ɗauke shi aiki ya mayar da shi idan ya dawo, gwamnati kuma tana taimaka wa mai kamfanin da kuɗin neman wanda zai riƙe gurbin kafin nan.