Ƙaramar bindigar .22: yadda ake zaɓen mai araha a Amurka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Ku dubi wannan harsashin da ke kan allo. Tsawonsa gaba ɗaya inci ɗaya ne, kamar gaɓar yatsa. Kaurinsa kuwa milimita 5.6, a ma'aunin Amurkawa 0.22 na inci, daga nan ya samo sunansa na .22. A Amurka da wuya ka tarar da maharbin da bai fara da shi ba. Da shi manomi ke korar ɓarna daga rumbu, da shi ake farautar kurege da zomo, kuma shi ɗin ne 'yan wasan Olamfik ke harbawa a gasar mita 50. Yau za mu duba yadda mai ɗan ƙaramin ƙarfi a can yake zaɓen bindigar da ke cin wannan harsashi, ba tare da ya zubar da kuɗinsa a banza ba.

Kafin mu je ko'ina, magana ɗaya: wannan bayani na Amurka ne da dokokinta. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasisi ba, har da ta farauta, kai har bindigar toka da maharbanmu ke saɓawa tana da nata iznin. Don haka kada wani ya kalli bidiyon nan ya ɗauka abin da ake yi a Texas haka yake a Kano ko Maraɗi.

To, me ya sa harsashin nan yake da araha? Amsar tana gindinsa. Ku juya shi ku gani. Manyan harsasai suna da wani ɗan maɓalli a tsakiyar gindi, shi allurar bindiga ke duka, wuta ta tashi ta kama albarushi. Wannan ba shi da maɓalli. Sinadarin da ke tada wutar an zuba shi ne a cikin leɓen kwanson, ya zagaye shi. Allura ta daki leɓen, ya lotsa, tartsatsi ya tashi. Abin da Turawa ke nufi da rimfire ke nan, wato wutar da ke tashi daga gefe. Tun da dole leɓen ya zama marar kauri kafin allura ta iya lotsa shi, kwanson ba ya jure albarushi mai yawa. Shi ya sa irin wannan harsashi ya tsaya a ƙarami. Ƙarfe kaɗan, albarushi kaɗan, dalma giram biyu da rabi da ɗan ɗoriya, ga sauƙin ƙerawa, sai farashi ya sauko.

Dabarar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ne ya fara ta a 1845. A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya fito da gajeren .22, sannan a 1887 aka sami wanda ake kira .22 Long Rifle, ko LR a taƙaice, wanda har gobe shi ke ci a kasuwa. Yana da 'yan'uwa biyu da za ku gani a kanti: .22 Magnum na Winchester da ya fito a 1959, da .17 HMR na Hornady da ya fito a 2002. Sun fi shi gudu, sun fi shi nisan zango, amma kwalinsu ya ninka nasa kuɗi. Ga wanda araha ce ta kawo shi, shawarata ya tsaya a kan LR. Kuma a kula, ba a cakuɗa su. Kowace bindiga an buga sunan harsashinta a jikin bututunta, shi kaɗai ake sa mata.

Yanzu mu shiga kanti. Za ka ga bindigogi jere a bango, duk .22 ne, amma yadda ake ɗana su ya bambanta.

Akwai mai sakata. Kamar dai sakatar ƙofa, ka ɗaga, ka ja baya, kwanso ya fita, ka tura gaba, sabon harsashi ya shiga, ka rufe. Harbi ɗaya, ɗani ɗaya. Savage Mark II tana cikin masu sauƙin kuɗi a wannan layi, ana ƙera ta a Kanada. Ruger American Rimfire na ɗan sama da ita. In aljihu ya ɗan yi nauyi kuma, sai a dubi CZ 457 ta ƙasar Cek, ko Tikka T1x ta Finland, waɗanda kuɗinsu kan ninka na Savage ko ma ya zarce.

Akwai mai ɗana kanta, wadda ƙarfin harbin farko ke jefar da kwanso ya ɗauko na biyu, kai dai kana jan kunama ɗaya bayan ɗaya. Sarauniyar wannan fage ita ce Ruger 10/22, tun 1964 ake yin ta, gidan harsashinta na cin goma. Kuɗinta yakan kama wajen dala 300, ya ɗan hau ko ya ɗan sauka. Abin da ya sa ta yi fice shi ne kayan gyaranta sun cika kasuwa, babu wani sashe nata da ba za ka samu na canji ba. Kishiyarta ta shekara da shekaru ita ce Marlin Model 60 ta 1960, wadda aka sayar da miliyoyinta. Kamfanin Ruger ya saye Marlin a 2020, kuma yanzu an fi samun Model 60 a hannun masu sayar da na hannu. Ƙasa da waɗannan akwai irin su Savage 64 da Rossi RS22, da ake iya samu ƙasa da dala 200.

Sai ta ukun, irin ta kaboyi, mai mariƙi a ƙasa da ake turawa gaba a jawo baya. Kamfanin Henry ne ya yi suna a nan. Tana da kyan gani, ƙota ta katako, ga santsin ɗani, kuma ba ta tsangwamar harsashi.

To wacce za a ɗauka? Ni dai, in wani ya tambaye ni bindigarsa ta farko, mai sakata zan nuna masa, kuma ina da dalili. Na ɗaya, tana koya wa mutum natsuwa. Wanda ya san sai ya sake ɗanawa kafin harbi na gaba, ba ya sakin harsashi sai ya yi saiti. Wanda ke riƙe da mai ɗana kanta kuwa, sau da yawa kafin ya ankara ya zazzage goma a cikin daƙiƙa kaɗan, bai san wanne ya samu wanne ya kuskure ba. Na biyu, harsashin .22 ƙazami ne. Dalmarsa a shafe take da kakin zuma ko makamancinsa, albarushinsa na barin toka, kuma mai ɗana kanta da wannan ɗan ƙarfin harsashin take dogaro ta yi aiki. Da datti ya taru, ko aka sa mata harsashi marar ƙarfi, sai ta fara cijewa. Mai sakata hannunka ne injinta, duk abin da ka ba ta za ta ci. Na uku, a kuɗi ɗaya, mai sakata ta fi yawan dacewa a saiti. Ban ce 10/22 ba ta da kyau ba, wallahi tana da shi, kuma wanda ya riga ya ƙware zai ji daɗinta. Amma a fara da rarrafe kafin a tashi.

Idan ka ɗauki bindiga a kanti, bayan mai kanti ya buɗe ta ya nuna maka babu komai a ciki, kai ma ka duba da idonka. Sannan ka kafa ta a kafaɗa. Kumatunka ya zauna a kan ƙota ba tare da ka miƙa wuya ba? Yatsanka ya kai kunama cikin sauƙi? Bindigar da ta fi ƙarfin jikin mutum ba za ta taɓa yi masa daidai ba, ko nawa ya saye ta. Shi ya sa ake yin gajeru na musamman don yara, masu cin harsashi ɗaya tak, waɗanda ake koya musu da su a gaban babba.

Sai kunama. A nan ne bindiga mai araha ta fi nuna arharta. In kunama ta yi tauri, ko tana jan ƙafa kafin ta saki, hannunka zai motsa a daidai lokacin da harsashi zai fita. Savage na sa wa yawancin Mark II wata kunama da suke kira AccuTrigger, wadda ake iya rage mata tauri, kuma wannan na cikin abin da ya sa ake yaba mata. Amma kada ka ja kunamar bindigar kanti ba ka nemi izni ba. A irin wannan bindiga, musamman tsofaffin ƙira, in babu harsashi allura kan daki bakin ramin da harsashi ke zama, a hankali ta yi masa tabo.

Wannan tabon shi ne abu na farko da ake dubawa a bindigar hannu. Kuma kasuwar na hannu a Amurka babba ce, a kantunan bindiga da shagunan jingina. Bindigar .22 ba ta saurin cinyewa, domin dalma ta fi ƙarfen bututu laushi nesa ba kusa ba, wadda ta shekara hamsin tana iya harbi kamar sabuwa in an kula da ita. Ka haska fitila cikin bututun ka ga ko zanen da ke murɗa harsashi yana nan sarai, babu tsatsa, babu kumburi. Ka duba bakin bututun ta waje, domin ɗan ƙwarzane a nan ya isa ya karkatar da harsashi. Ka tambaya ko har yanzu ana samun gidan harsashinta a kasuwa. Mutane da yawa sun sayi tsohuwar bindiga da arha, suka dawo suna neman gidan harsashi kamar ruwa a jallo.

Tsawon bututu kada ya ruɗe ka. Albarushin .22 kaɗan ne, yana gama ƙonewa a wajen inci 16 zuwa 18, don haka dogon bututu ba ya ƙara wani gudun a zo a gani. Inci 16 ɗin nan kuma shi ne mafi gajarta da dokar tarayya ta yarda a sayar ba tare da wata rajista ta musamman ba.

Ga inda masu saye suka fi yin kuskure: su kwashe duk kuɗin su zuba a bindiga, su manta da sauran. In dala 400 ce a hannunka, kada ka sayi bindigar dala 400. Akwai madubin saiti, in bindigar ba ta zo da saitin ƙarfe ba. A nemi wanda aka yi don .22, domin an daidaita shi a kan yadi 50, yayin da na manyan bindigogi aka daidaita su a kan yadi 100 ko fiye. Mai kusanto da abu ninki huɗu ya wadatar. Akwai abin toshe kunne da tabarau. Kada ƙaramar ƙararta ta yaudare ka, tana kaiwa wajen desibel 140 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma ji in ya tafi ba ya dawowa. Akwai makulli ko akwatin ƙarfe na ajiya, wanda a gidan da ke da yara ba zaɓi ba ne, wajibi ne, bindiga a kulle, harsashi a wani wuri dabam.

Sannan harsashi. A nan akwai wani abin mamaki da duk masu .22 suka sani: kowace bindiga da harsashin da take so. Biyu daga kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, wannan ta tara harbinta wuri guda da harsashin kamfanin CCI, waccan ta watsa shi ta fi son na Federal ko na Eley na Ingila. Don haka ba a fara sayen babban kwali mai 500. A sayi ƙananan kwalaye masu 50 iri huɗu ko biyar, a je filin harbi, a ɗora bindiga a kan jakar yashi, a harba biyar biyar a takarda. Wanda ya fi taruwa, shi ne abincinta. Sau da yawa za ka ga mai matsakaicin gudu, wanda ke tafiyar kimanin mita 330 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da gudun sauti, ya fi masu tsananin gudu taruwa.

Zangonta fa? In ka daidaita ta a yadi 50, kafin harsashi ya kai yadi 100 ya sauka kamar inci shida, iska ma tana wasa da shi. Ke nan ta ƙananan dabbobi ce a kusa. Yawancin jihohi sun hana farautar barewa da ita, domin raunata dabbar take yi ta bar ta da wahala. Amma wannan bai sa ta zama abin wasa ba, ina roƙonku ku riƙe wannan. A jikin kwalin harsashin an rubuta gargaɗi cewa yana da haɗari har mil ɗaya da rabi, wato sama da kilomita biyu. Yana kisa. Kuma ya yi ƙaurin suna wajen yin tsalle in ya daki dutse ko fuskar ruwa. Ba a nuna bakinta ga abin da ba a nufin harbi, yatsa ba ya shiga wajen kunama sai an gama saiti, kuma sai ka san abin da ke bayan abin da kake hari.

Saura biyan kuɗi. A kantin da ke da lasisin gwamnatin tarayya za a ba ka takarda mai lamba 4473 ka cika, ka nuna katin shaida, sannan mai kanti ya tura sunanka ga tsarin binciken da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998. Ko ta intanet ka saya, ba gidanka za a kawo ba, kantin mai lasisi za a kai, ka je can a yi maka wannan binciken. Dokar tarayya ta ce shekara 18 ga doguwar bindiga, amma jihohi irin su Kalifoniya da Florida sun ɗaga zuwa 21, wasu kuma suna sa kwanakin jira kafin a miƙa maka.

'Yan'uwanmu da ke zaune a can, ku saurari wannan da kyau. Mai katin zama na dindindin yana iya saye kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara kuwa, asalin doka ta hana shi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓance-keɓancen da aka yi, kamar mallakar lasisin farauta na jiha. Kuma idan wani ya ce ka cika takardar da sunanka ka saya masa, ko abokinka ne ko ɗan garinku, ka ce masa a'a. Tambayar tana nan a cikin takardar, ko kai ne ainihin mai sayen, kuma yin ƙarya a wurin laifi ne da ke kai mutum kurkuku na shekaru. Kafin ka taka kanti, ka buɗe shafin hukumar kula da namun daji ta jiharka, a nan za ka ga ranakun ajin koyar da mafarauta da kuma filin harbi mafi kusa da kai.