Inda ake wasan zamiya a dusar ƙanƙara ba tare da aljihu ya ƙone ba

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya ji an ce wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, hankalinsa Suwizalan ko Faransa yake tafiya. To, can ɗin ne tsadar take. Yankin Les Trois Vallées na Faransa, inda Courchevel yake, yana da hanyoyin zamiya na kusan kilomita 600, kuma kuɗin dukkansu za ka biya idan ka sayi tikitin yankin gaba ɗaya. Sai dai sabon shiga a gindin dutse yake kwashe kwanakinsa na farko, yana faɗuwa yana tashi a ɗan fili guda. Me zai sa ka biya kuɗin kilomita 600 alhali ko biyar ba za ka taka ba?

Kafin mu ambaci wurare, mu ga inda kuɗin ke zurarewa. Akwai tikitin hawa kujeru da ɗakunan igiya da ke kai mutum saman dutse. Akwai hayar takalma da allunan zamiya da sanduna da hular kwano. Akwai kuɗin mai koyarwa, sannan masauki da abinci. A tsaunukan Alps kowane ɗaya da zafinsa, har shayin da za ka sha a saman dutse. Da ka matsa gabas, farashin duka sai ya sauko tare.

Sunan da aka fi ji idan ana maganar araha a Turai shi ne Bansko, a tsaunukan Pirin na Bulgariya, kimanin kilomita 160 daga Sofiya. Hanyoyinsa sun kai wajen kilomita 75, sun ishi mai koyo har da rara. Aibinsa sananne ne: daga gari motar igiya guda ce ke haurawa da jama'a, don haka idan gari ya cika layin safe sai ya gajiyar da kai tun ba ka fara wasa ba. Borovets ya fi shi kusa da Sofiya. Amma a lura, Bulgariya ta shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza guda, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar bizar Shengen zai nema. Ga ɗan'uwa da ke karatu ko aiki a Jamus ko Italiya wannan ba matsala ba ce. Ga mai tasowa daga Kano kuwa, nan ne lissafin ke canzawa.

Shi ya sa ni Turkiyya nake fara nuna wa mutane. Jirgin Turkish Airlines na tashi daga Abuja da Legas zuwa Istanbul, daga nan sai ɗan gajeren jirgin cikin gida zuwa Kayseri. Dutsen Erciyes, tsohon dutse mai aman wuta da tsayinsa ya haura mita 3,900, bai wuce kilomita 25 daga birnin ba. Amfanin wannan kusanci babba ne: ba dole ka kwana a otal ɗin kan dutse ba. Ka kama ɗaki a cikin gari da farashin gari, ka hau da safe, ka sauko da yamma ka ci mantı, abincin da Kayseri ke alfahari da shi. Ba sai ka tambayi mai abinci ko naman halal ne ba, masallaci ma ba ya wuyar samu. Kuma Kapadokiya, mai balan-balan ɗin nan da kuke gani a hotuna, tana nan kusa. Idan gwiwa ta gaji, a ware mata rana guda.

Can gabas akwai Palandöken, dab da birnin Erzurum, wanda ya karɓi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. Sanyin Erzurum ba na wasa ba ne, wanda ya san hunturun Jos kaɗai ya shirya da kyau.

A Bosniya, Jahorina da Bjelašnica na kusa da Sarayebo, kuma a kansu aka yi tseren gasar Olamfik ta hunturu a 1984. A Jojiya akwai Gudauri, kilomita kusan 120 daga Tbilisi, a tsayin da ya haura mita 2,000. Tsayi na da muhimmanci, domin hunturu na ƙara ɗumi, kuma wuraren da ke ƙasa-ƙasa kan wayi gari da ciyawa maimakon ƙanƙara. Ƙarancin dusar ƙanƙara shi ne matsalar Oukaïmeden na Maroko, kusa da Marrakesh, duk da tsayinsa. Yana da araha, yana nahiyarmu, amma wata shekarar dusar ba ta zuba sosai. Kada ka sayi tikitin jirgi domin shi kaɗai.

Lokacin tafiya ma kuɗi ne. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara farashi kan yi tashin gwauron zabi, haka kuma Fabrairu lokacin hutun makarantun Turai. A Turkiyya hutun ɗalibai kan faɗo ne a ƙarshen Janairu. Mako na biyu na Janairu ko watan Maris sun fi sauƙi.

Kaya kuwa, kada ka sayi alluna ko takalma, yi haya. Rigar sanyi da wandon da ruwa ba ya ratsawa, ara idan da hali. Abu biyu ne kawai ban yarda a yi musu rowa ba. Na farko mai koyarwa, ko da a aji na taro ne, wanda ya fi araha. Shi zai koya maka tsayawa, ya kuma nuna maka ma'anar launukan hanya: kore da shuɗi naka ne, ja na waɗanda suka iya, baƙi kuwa na ƙwararru. Na biyu inshora. Yawancin inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta ɗaukar wasannin hunturu sai an ƙara, kuma sauko da mutum daga saman dutse da karyayyar ƙafa na iya cinye fiye da kuɗin hutun gaba ɗaya. Ka karanta takardar, ka tabbatar an rubuta ceto a kan dutse a ciki kafin ka biya.