Idan Cibiyar Gari Ta Rushe, Ta Ina Ake Farawa?

Ku dubi wannan ƙofar. Makullinta yana hannun mutum uku, kuma babu wanda ake biya ko sisi a cikinsu. Ɗaya ce ke buɗewa da safe saboda dattawan da ke zuwa hira. Ɗaya na koya wa yara karatu da yamma. Na ukun shi ke hawa tsani duk ranar da ƙwan lantarki ya mutu. Haka cibiyar al'umma take a ƙaramin gari: gini ɗaya, 'yan sa kai kaɗan, jama'a da yawa sun dogara da shi ba tare da sun lura ba.

Sai wata rana gobara ta tashi, ko ambaliya ta shigo, ko rufin da aka daɗe ana cewa za a gyara ya rufto. Washegari kowa na tambayar inda zai kai gudummawa. Zuciya ta motsa, kuma abin a yaba ne. Amma kwamitin da ya miƙa hannu kafin ya san nawa yake nema, ya jawo wa kansa wahala.

Injiniya za a fara kira. Shi zai faɗa ko tushen ginin zai ɗauki sabon bango, ko sai an tone shi gaba ɗaya. Daga nan a buɗe takardar inshora, idan akwai. A nan ne gwiwar mutane da yawa ke sanyi. Wata inshorar tana biyan kuɗin sake gini sabo, wata kuwa darajar ginin take biya bayan an cire tsufansa, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai nisa. Ga shi kuma ba za a bari a mayar da gini yadda yake da ba. Dokar gini ta yau za ta nemi ƙofar tsira, wayoyin lantarki masu inganci, da hanyar da mai keken guragu zai shiga da kansa. Giɓin da ya rage tsakanin abin da ke hannu da abin da maginin ya lissafa, shi ne kuɗin da za a nema. A ɗora wani abu a kai, domin kayan gini ba sa jiran kowa.

To wa zai riƙe kuɗin? Ni a ganina nan ne aikin ke tashi ko ya faɗi. Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba, komai amanarsa. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Kowane wata a liƙa lissafi inda kowa zai gani: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga rasit. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga ma'ajin kansa. A ƙaramin gari, mai ba da kuɗi da mai karɓa suna haɗuwa a hanya kullum, kuma raɗe-raɗi ɗaya ya isa ya rufe aljihun mutum ɗari.

Neman kuɗin ma yana da tsari. Masu gogewa a harkar sukan fara a natse, su je wa 'yan tsirarun masu hali da hukumomin ba da tallafi tukuna. Sai alƙawari ya taru sannan a shelanta wa gari, saboda mutum ya fi sakin hannu idan ya ga tafiya ta riga ta yi nisa. Idan aka samu mai cewa zai ninka duk abin da jama'a suka tara, a faɗa da babbar murya. Yin rajista kuma yana buɗe wasu ƙofofin. A Birtaniya, alal misali, tsarin Gift Aid yana ba ƙungiyar agaji damar karɓar ƙarin kashi 25 cikin 100 daga gwamnati a kan kyautar mai biyan haraji.

Intanet tana kai kiran ga 'yan garin da suka yi nisa. Shafin tara gudummawa na GoFundMe, wanda ya fara aiki a 2010, yana ba ka abin da aka tara ko bai kai adadin ba. Masu bin tsarin Kickstarter kuwa, wani shafin tara kuɗi, in ba a cika ba, ba a karɓar komai. A karanta sharuɗɗa tun kafin a buɗe. A kuma sani cewa tausayi yana da zafi a makonnin farko, sannan ya huce.

Ba kowa ke da kuɗi ba. Kafinta zai ba da kwana biyu, mai mota zai kwaso yashi, matasa za su kwashe ɓaraguzai. A rubuta sa'o'in kowa a littafi, domin wasu masu tallafi suna ƙirga wannan gumin a matsayin kason al'umma. Lantarki da ɗaurin rufi dai a bar wa ƙwararru.

Kuma kada darasin yaran nan ya tsaya ko na mako ɗaya. A aro aji, a aro rumfa, a ci gaba. Idan mutane suka saba zama babu cibiya, da wuya su ci gaba da biyan kuɗin gina ta.

Saura abin da ake yawan mantawa. Ranar da aka yanke ƙyalle, kuɗin wuta da na ruwa da na inshora za su fara zuwa, kuma mutum ukun nan sun gaji. Tun yanzu a ware kuɗin tafiyar da shekarar farko, a kuma yanka makulli na huɗu da na biyar, a nemo waɗanda za su karɓa.