Yadda za ka bar ƙungiyar kiɗa ba tare da ka kunyata masu biki ba

Assalamu alaikum masu kallonmu, musamman matasan makaɗa da mawaƙa da ke haɗa ƙungiya a unguwa, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Jega har Yawuri. Yau maganarmu da wanda ya gaji ne. Kai mai fiyano, ko mai kalangu, ko ɗan amshi, wanda ƙungiyar ta riga ta fita daga ransa, alhali ga bukukuwa a gaba da aka karɓi kuɗin mutane.

Ka san irin ƙungiyar da muke nufi. An sa gwajin waƙa bayan la'asar, mutum biyu ne suka zo, sauran sai ana kiran magariba. Kuɗin liƙi ya shiga jaka ba wanda ya ga ƙirgarsa. Uban kiɗi ya amsa biki biyu a rana ɗaya, ɗaya a Kalgo ɗaya a Bunza, ga shi amfulifaya guda ce. Barin irin wannan tafiya ba laifi ba ne. Abin da ke zama laifi shi ne ka bar ta a kan uwar amaryar da ta kwashi adashinta ta ba da kafin alƙalami. Ita ba ta san rigimarku ba, rana kawai ta sani.

Saboda haka kafin ka buɗe baki, ɗauki biro da takarda. Rubuta duk aikin da ke gaba: rana, gari, sunan mai biki, nawa aka yi ciniki, nawa aka bayar, a hannun wa kuɗin yake, kuma wa ya kawo aikin. Za ka tarar ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Wanda aka karɓi kafin alƙalami, wannan ya hau kanka, babu ja. Wanda aka ce "za mu neme ku idan an sa rana", wannan bai ɗaure ka ba. Mai wuyar shi ne na tsakiya, wanda aka tsayar da rana da baki amma ko sisi ba a bayar ba. A nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. A wajenmu magana ita ce takarda. Idan mai bikin ya daina neman wasu makaɗa saboda ku, ka lissafa shi cikin na dole, balle a ce kai ka kawo aikin, fuskarka ya gani ya amince.

Daga wannan takarda za ka fitar da ranarka ta ƙarshe, wato ranar bikin ƙarshe da ya hau kanka. Idan bukukuwan sun yi nisa, har wata huɗu ko biyar, ba dole ne ka zauna duka ba. Sati huɗu zuwa shida sun ishi ƙungiya ta samu wani ta koya masa, in dai ka taimaka. Ka kuma duba lokaci. Watan Sha'aban aure yake yawa saboda kowa na son a gama kafin azumi, haka bayan ƙaramar Sallah, haka bayan an kawar da amfanin gona. Wanda ya fice a tsakiyar irin wannan lokaci ya karya ƙungiya ne. A ganinmu babu lokacin da ya kai shigowar azumi dacewa: kiɗan biki ya tsaya, suna da wata guda cur su shirya.

Sai yadda za ka faɗa musu. Uban kiɗi za ka fara samu, ido da ido, a gidansa ko wani wuri da babu sauran yara. Kada ya ji a bakin wani, kada ya gani a zauren WhatsApp, kuma kada ka faɗa masa a wajen biki ana warware wayoyi. Maganar ba ta son tsawo. Misali: "Maigida, na zo ne in sanar da kai da kaina. Zan ajiye aiki da ƙungiya. Bukukuwa huɗun da aka karɓi kuɗinsu duk zan yi su, na ƙarshe shi ne na Argungu ranar Asabar ta ƙarshen wata. Bayan shi kada a sa ni a lissafi." Shi ke nan. Zai tambayi dalili. Ba shi guda ɗaya na gaskiya, ka tsaya a kansa. Da zarar ka fara jero laifuffuka, wane ya yi kaza, wane ya ce kaza, zama ya koma shari'a, kuma da waɗannan mutanen za ka hau mota ɗaya har sau huɗu. Idan ka san shi mai zafin rai ne, tafi da dattijo ɗaya da dukanku kuke jin nauyinsa. Bayan kun rabu, sannan ka rubuta a zauren ƙungiya, da ranakun nan a jere, don kada gobe a ce ba haka aka yi ba.

Abu biyu ne suka fi lalata wannan tsari. Na farko, ya fusata ya ce ka tafi tun yau, ba a buƙatarka. Kada ka yi murna da wannan, domin ranar biki idan fiyano ya yi shiru, kai za a ce ka gudu. Maimaita a gaban shaida cewa a shirye kake ka cika. In ya dage, to ayyukan da kai ka kawo, ka kira masu su tun da sauran lokaci, ka faɗa musu ƙungiya za ta zo amma ba da kai ba, su zaɓa. Kuɗin da ke hannunka kuwa, ko ka miƙa wa ƙungiya a gaban mutane, ko ka mayar wa mai shi. Kada ya kwana a aljihunka da sunan kana bin su bashi. Kuɗin mai biki ne, ba na ramuwa ba.

Na biyu ya fi laushi, kuma ya fi kama mutane. "Haba ɗan'uwa, ƙara mana guda ɗaya, na ƙanwar wane ne." Ka amsa ɗaya, na biyu na tafe, sai ka waiga ka ga shekara ta zagayo kana nan. Duk aikin da aka karɓa bayan ranar da ka sanar, ba naka ba ne. In har kana son ka yi, ka yi shi a matsayin ɗan haya, a yanka maka kuɗinka tun kafin a tashi.

Yanzu wanda zai gaje ka. Nan ne ake gane wanda ya tafi da mutunci. Idan kai ne mai fiyano, rabin ƙungiyar a cikin na'urarka take. Kiɗe-kiɗen da aka ɗora wa waƙoƙin ƙungiya, kwafe su a filashi ka ba su, kowane da sunan waƙarsa. Ka rubuta saurin kowane kiɗa, da matakin da ake ɗaga shi ko sauke shi don ya dace da muryar mawaƙin. Wannan ne ke kunyata sabon mutum: ya saki kiɗa a sama, mawaƙi ya buɗe baki murya ta ƙi kaiwa, ga jama'a sun zuba ido. Ka kuma gwada filashin a kan fiyanon da zai yi aiki da shi, domin abin da fiyanon kamfanin Yamaha ya karanta ba lalle na kamfanin Korg ya karanta ba. Idan ɗan amshi ne kai, littafin amshi da wuraren da ake karɓa wa jagora za ka bari. In kuwa kai ne sanƙira, ka bar musu sunayen dangin masu biki da kirarinsu, don kada a kira uwar ango da sunan kishiyarta. Gwaji biyu tare da sabon, sannan biki ɗaya yana gefenka yana kallo, na ƙarshe shi a gaba kai a baya.

Batun kaya. Abin da ka zo da shi naka ne, amma kada ka janye shi kafin bikin ƙarshe. Abin da aka yi karo-karo aka saya, kuɗinsa na yau za a duba, ba na ranar saye ba. A ce ku biyar kuka sayi sifika biyu da amfulifaya, mai gyaran kayan sauti ya kimanta su yau naira 400,000, rabonka 80,000 ke nan. Ba su da shi a dunƙule, to a raba shi kan bukukuwan da suka rage, in huɗu ne 20,000 a kowane. Kada ka ce a ba ka sifika ɗaya. Sifika ɗaya ba ta yi maka aiki, su kuma ka gurgunta su.

Rabon kowane biki, a ƙirga a wurin kafin a loda kaya, mutum biyu suna gani. A lura kuma, watsa naira da tattaka ta laifi ne a dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, shi ya sa ya fi kyau a aje faranti ko lambar asusu. In asusunka ne ake turawa, ka nuna saƙonnin banki a wurin, kuma a sauya lambar tun kafin ka tafi. Haka lambar wayar da ke jikin allon talla, da shafin Facebook ko TikTok: na ƙungiya ka miƙa musu kalmar sirri, naka ka cire.

Waƙar da ka rubuta fa? A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa tana samun kariya da zarar an rubuta ta ko an naɗe ta, ba sai an yi rajista ba. Wadda kuka haɗa tare kuwa ta ku duka ce. Ku zauna ku rubuta wace ce ta wa, wace za su ci gaba da rerawa da izininka, kowa ya sa hannu. Takarda ɗaya ta isa.

Ranar ƙarshe, riga kowa zuwa. Duba man janareta, gwada makirufo ɗaya bayan ɗaya, ka yi kiɗan kamar ranar da ka fara. Kada ka karɓi makirufo ka yi sallama da jama'a, ranar amarya ce ba taka ba. Wanda ya matso ya tambayi lambarka don wani biki, ka ce ya kira ka gobe, ba a gaban ƙungiya ba. In an tashi, a ƙirga kuɗi, ka karɓi rabonka da cikon kuɗin kaya, ka naɗe wayoyinka ka ware su daga nasu a gaban uban kiɗi, ka taya su ɗora sifiku a mota, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ku yafi juna.