Haƙƙin Mallakar Fasaha: Wa Gwamnati Ke Karewa, Kuma Har Zuwa Yaushe?

Assalamu alaikum. Na bayan can kuna ji na? To madalla. Shugaban taro ya ba ni minti arba'in, ya kuma ajiye agogonsa inda zan riƙa ganinsa, don haka mu tafi kai tsaye. Abubuwa huɗu na zo da su: asalin dokar haƙƙin mallakar fasaha, wato dokar da ta hana a kwafi aikin marubuci ko mawaƙi ba da izininsa ba, tsawon wa'adin kariya, abin da doka ta halatta wa mai amfani da aikin wani, sai rigimar intanet.

Na farko. Jama'a da dama suna ɗauka marubuta ne suka tashi tsaye aka kafa wannan doka. Masu maɗaba'a ne suka yi. A Ingila, tun shekarar 1557 ƙungiyar masu buga littattafai ta Landan ke riƙe da izinin sarauta, in ba ɗan ƙungiya ba ne kai ba ka buga komai. Gwamnati tana jin daɗi don tana tace abin da ke fita, su ma suna jin daɗi don kasuwa tasu ce su kaɗai. Marubuci kuwa ya sayar da rubutunsa sau ɗaya, an sallame shi ke nan. Da majalisa ta ƙi sabunta dokar tacewar a 1695, kowa ya shiga buge-buge, sai 'yan ƙungiyar suka yi ta kai kuka. Da suka ga kukan kansu ba ya ratsa kowa, sai suka koma kuka da sunan marubuta. A 1710 aka fitar da dokar da ake kira ta Sarauniya Anne, kuma abin da aka rubuta a kanta shi ne doka ce don ƙarfafa neman ilimi. Ta ba marubuci shekara 14. In wa'adin ya cika yana raye, a ƙara masa wasu 14. Daga nan littafi ya zama na kowa.

Ku riƙe lambar nan, 14 da 14, domin a nan zan daɗe.

Abin da nake so ku fita da shi yau shi ne, wannan doka ciniki ce tsakanin mai fasaha da jama'a, gwamnati ce dillaliya. Jama'a sun ce mun haƙura, ba za mu kwafi aikinka ba na wani lokaci, ka ci moriyar guminka. Shi kuma ya yarda in lokacin ya cika aikin ya dawo hannun kowa, mai fassara ya fassara, mai buga na araha ya buga, mai shirya fim ya shirya, ba tare da neman izinin kowa ba. Ɓangare biyu ne. Duk gwamnatin da ta tuna ɗaya ta manta ɗayan, ta ci amanar wani.

Masu maɗaba'ar Landan ba su yarda da haka ba ko kaɗan. Da wa'adin tsofaffin littattafansu ya ƙare, suka ce haƙƙinsu na har abada ne kamar na fili. Wani mai sayar da littattafai na Edinbura, Alexander Donaldson, ya ce bai san wannan zance ba, ya ci gaba da buga littattafan da wa'adinsu ya cika yana karya farashi. Aka kai shi ƙara. A 1774 Majalisar Dattawan Ingila ta yanke hukunci: babu haƙƙin har abada. Ni dai in za a kafa wa wani gunki a harkar nan... to, Allah ya kiyaye, ba gunki ba, allon tunawa (dariya), to mutumin nan ne. Ba waliyyi ba ne fa, ɗan kasuwa ne mai neman ribarsa, amma talaka ya samu littafi a dalilinsa.

Yanzu ku dubi yadda wa'adin ya riƙa miƙewa. A 1841 aka kawo ƙudiri a majalisar Ingila a mai da shi tsawon rai da ƙarin shekara 60. Wani ɗan majalisa, Thomas Macaulay, wanda shi kansa marubuci ne, ya tashi ya ce wannan haƙƙi haraji ne da ake ɗora wa masu karatu don a saka wa marubuta, kuma haraji bai kamata ya wuce buƙata ba. Ƙudirin ya faɗi a ranar. Amma tafiyar ba ta tsaya ba. Yarjejeniyar Bern ta 1886, ta kare ayyukan marubuta tsakanin ƙasashe, wadda marubucin Faransa Victor Hugo ya yi wa share fage, daga baya ta tsayar da mafi ƙaranci: tsawon rai da shekara 50. Ƙasashe fiye da 180 ke cikinta yau. Tarayyar Turai ta kai shi 70 a 1993. Amurka ta bi sahu a 1998, ta kuma ba ayyukan kamfanoni shekara 95. Meziko ma 100 ta sa. Najeriya, a dokarta ta 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tsawon rai da 70 ne ga rubutu da waƙa.

Mu yi lissafi tare. Ɗalibar da ke gaba nan, a ce kin rubuta littafi kina da shekara 30, Allah ya ba ki tsawon rai kika kai 80. Shekara 50 ke nan. A ƙara 70. Littafin nan ba zai dawo hannun jama'a ba sai bayan shekara 120. Daga 28 zuwa 120! Ina tambaya, akwai wanda ya taɓa ajiye alƙalami ya ce ni ba zan rubuta ba, domin jikan jikana shekara 50 kawai zai ci, ba 70 ba? Akwai? Babu.

Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, ƙarin da Amurka ta yi a 1998 ya haɗa har da ayyukan waɗanda suka daɗe da mutuwa. An ce dalilin doka shi ne a ƙarfafa wa mutum gwiwa ya ƙirƙiro sabo. To wanda ke kabari, da me za ka ƙarfafa masa gwiwa? (dariya) An kai maganar Kotun Ƙolin Amurka. Masana tattalin arziki 17, biyar daga ciki masu lambar Nobel, har da Milton Friedman, suka rubuta wa kotu cewa ƙarin nan kusan ba ya ƙara wa mai ƙirƙira komai, jama'a kawai yake cutarwa. A 2003 kotu ta ce majalisa tana da ikon yi, alƙalai bakwai suka amince, biyu suka ƙi. Mutane suka riƙa yi wa dokar laƙabi da dokar kare Mickey Mouse, saboda fim ɗin farko da ya fito da ɓeran nan na kamfanin Disney a 1928 ya kusa kuɓucewa a lokacin. Ya kuɓuce ɗin daga baya, ranar 1 ga Janairun 2024. Kun ji sama ta faɗo? Kamfanin yana nan da ƙafarsa.

Wa ke cin ribar dogon wa'adi? Ayyuka ƙalilan ne ke kawo kuɗi bayan shekara 50, kuma akasarinsu sun riga sun koma hannun manyan kamfanoni. Sauran fa? Littafi ya ƙare a kasuwa, maɗaba'ar ta rufe, marubuci ya rasu, magada sun watsu, ba wanda ya san wa zai tambaya. Ɗakin karatu yana da kwafi ɗaya tak, gara tana ci, yana so ya ɗauki hotonsa ya sa a intanet, lauya ya ce kul. Masana suna kiran irin waɗannan marayun ayyuka. Ba mai shi ya amfana ba, ba jama'a ba. Saboda a kare 'yan tsiraru masu kawo kuɗi, an kulle dubbai a ɗaki an jefar da makulli. Na san akwai marubuta a zauren nan, ina ganin wani yana harara ta. Malam, ba da kai nake faɗa ba. Kai matsalarka ɓarawon da ke buga littafinka yau da rana tsaka, kana raye, ba shekara 70 bayan ranka ba. Gwamnatin da ba ta iya kama wancan ba, ta zo tana yi maka alkawarin shekara 70, ai ta ba ka abin da ba ya cinta komai ne.

Bari in ɗan ratse. Kun san Amurkan da ke matsa wa duniya lamba kan satar fasaha? Dokarta ta farko ta 1790 'yan ƙasa da mazauna kawai ta kare. Littafin baƙo halal ne ga kowace maɗaba'a. Marubucin Ingila Charles Dickens ya je can a 1842 ya koka kan yadda ake buga littattafansa ba a ba shi ko sisi, jaridu suka yi masa caa. Sai 1891 suka fara kare baƙi, kuma ba su shiga yarjejeniyar Bern ba sai 1989. Lokacin da suke masu saye, doka sakwa-sakwa. Da suka zama masu sayarwa, sai ga yarjejeniyar TRIPS a 1995, wadda ta ɗaure kariyar fasaha a wuyan duk mai son zama cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Ban ce a yi sata ba. Na ce kowace ƙasa ta duba, ita mai saye ce ko mai sayarwa, kafin ta kwafo dokar wani.

To, na uku... ko na biyu muke? Ko ma dai na nawa ne, shugaba ya fara taɓa agogo. Keɓewa. Kowace doka mai hankali tana barin ƙofofi: ɗalibi ya ɗauko sakin layi, ɗan jarida ya kawo misali, mai sharhi ya yi suka, malami ya koyar. Wadda ta fi burge ni ita ce yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, da ta fara aiki a 2016. Kafin ita, in ka mai da littafi zuwa rubutun makafi ko sauti ba da izini ba, a ƙasashe da yawa ka karya doka, alhali ƙungiyar makafi ta duniya ta ce ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafai ne ke isa gare su. Yanzu an buɗe.

Sai abin da gwamnati da kanta ta samar. A Amurka aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka, shi ya sa kuke ganin hotunan NASA, hukumar binciken sararin samaniyarsu, ko'ina. Da kuɗin jama'a aka yi, me ya sa za a sake sayar musu?

Intanet kuma, a taƙaice: tsarin Amurka na 1998 ya ce in mai haƙƙi ya kai ƙorafi, dandali ya sauke abin, shi ke nan ya wanke kansa. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, wato AI, da ake ciyar da ita da rubutun mutane. A kan haka jaridar New York Times ta maka kamfanonin OpenAI da Microsoft a kotu a Disambar 2023, Japan kuwa dokarta ta sassauta sosai kan irin wannan amfani. Wannan lacca ce mai zaman kanta. Akwai hannu a sama. Hajiya, bismillah.

(Tambaya: Malam, mawaƙin da matsi ya sa ya sayar da waƙarsa a kan 'yan kuɗi kaɗan, daga baya waƙar ta yi kasuwa, doka ta tanadar masa wani abu?)

Allah ya saka da alheri, Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Bari in ba ki labarin Solomon Linda, Bazulu ne a Afirka ta Kudu. A 1939 ya rera wata waƙa mai suna Mbube a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Gallo a Johannesburg, aka ba shi abin da ake ruwaitowa sule goma ne. Waƙar ta tsallaka Amurka, aka canja mata suna, aka sa mata baitocin Turanci a 1961, ta zagaye duniya, har ta shiga fim ɗin Disney na zaki a 1994. Shi kuwa ya mutu a 1962 a talauce. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. A 2000 wani ɗan jarida, Rian Malan, ya tono labarin. Lauyoyi suka shiga bincike, suka ci karo da wata tsohuwar dokar Ingila ta 1911 da ke aiki a ƙasar lokacin da aka yi waƙar. A cikinta akwai sashen da ya ce ko marubuci ya sayar da haƙƙinsa, bayan shekara 25 da mutuwarsa haƙƙin ya koma ga magadansa. Da wannan sashe aka shigar da ƙara a 2004, aka sasanta a 2006, 'ya'yansa mata suka fara samun kaso, aka kuma amince da sunansa cikin mawallafan waƙar.

To kin ga, ba tsawon wa'adi ya cece su ba, da shi kaɗai ne da kamfanonin za su ci gaba da ci. Sashen dawo da haƙƙi ne. Amurka tana da irinsa a dokarta ta 1976: bayan shekara 35 mai fasaha zai iya soke cinikin ya karɓi abinsa, ko da takardar da ya sa wa hannu ta ce har abada. Sai dai dole ya ba da sanarwa aƙalla shekara biyu kafin ranar, kuma in a matsayin ma'aikacin kamfani ya yi aikin, wannan dama ba ta shafe shi ba. Ƙasashe da yawa ba su da irin wannan sashe, a can abin da takarda ta ce shi ne. Ɗan'uwa mai farar riga, kai ne na gaba.