Kukan Tumaki a Bayan Gida

Bitrus: Salama a gare ku, masu saurarenmu. Daga unguwar Aboabo muke magana, a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, a barandar Baba Istifanus. Yaya Ladi ma ta iso daga kasuwa, ko hannu ba ta wanke ba. Baba, barka da yamma.

Baba Istifanus: Barka kadai, ɗana. Ladi, sannu da rana.

Ladi: Yawwa Baba, mun same ku lafiya? Ku yi haƙuri da ƙurar wake, daga kasuwar Kejetia na taho kai tsaye.

Bitrus: Yau maganar biyayya ga Allah da barin zunubi za mu yi. Ni dai da aka ce wannan ne kan magana, gabana ya faɗi.

Ladi: Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Baba Istifanus: Bar shi, zai faɗa da bakinsa. Mu fara da Sarki Saul, a littafin Sama'ila na fari, sura 15. Allah ya aike shi yaƙi da Amalekawa, ya ce kada ya bar kome. Ya je ya ci nasara, amma ya bar sarkinsu Agag da rai, ya kuma ware tumaki da shanu masu ƙiba. Da annabi Sama'ila ya iso, Saul ne ma ya fara tarbarsa da murna, wai ya cika umarnin Ubangiji. Sai tsohon ya kasa kunne, ya ce, to wannan kukan tumaki da nake ji fa?

Ladi: Wurin nan yana ba ni dariya, yana kuma ba ni tsoro. Mutum yana ba da shaida, tunkiya tana ƙaryata shi daga bayan gida.

Baba Istifanus: Kin ga amsar da ya bayar? Ya ce ai don a yi wa Ubangiji hadaya aka kawo su. Nan ne Sama'ila ya gaya masa, a aya 22, cewa biyayya ta fi hadaya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana aya 30. Bayan an kama shi dumu-dumu, sai ya ce ya yi zunubi, amma don Allah a girmama shi a gaban dattawa. Bakinsa ya ce na tuba, idonsa yana kan jama'a.

Bitrus: Tuban muzuru ke nan.

Baba Istifanus: Da kaza a baki.

Ladi: To bari in kawo ku kasuwa, don ni a can na ji kukan tawa tunkiyar. Kun san olonka, gwangwanin da muke awon wake da masara da gari. Da na fara sana'a, wadda ta koya mini ta ba ni guda biyu. Ɗaya lafiyayye, da shi ake saye daga hannun masu kawo kaya daga arewa. Ɗayan an kifa shi an ɗan bubbuga gindinsa da taɓarya, ya lotsa ciki. In ka kalle shi daga waje ba ka ganin kome. Da shi ake sayarwa. Abin da yake ragewa bai wuce tafin hannu ba, amma ka auna buhu guda ka ga abin da ya saura.

Bitrus: Kuma ba ki ga laifi ba?

Ladi: Laifin me? Kowa a layinmu haka yake yi, ni kuma ina da kuɗin ɗaki da kuɗin makaranta. Ga shi ba na fashin zumuntar mata, ina cikin mawaƙa, ranar baikon godiya na shekara ni ce nake shiga da buhu a ka ana tafi. Sai wata Laraba a nazarin Littafi aka karanta Maimaitawar Shari'a 25, daga aya 13, inda aka ce kada ka ajiye ma'auni iri biyu a gidanka, babba da ƙarami. Bitrus, na ɗauka wani ne ya kai ƙarata wurin fasto. Na duba littafin da kaina, ga shi a rubuce tun zamanin Musa.

Baba Istifanus: Annabi Amos ma ya yi maganarsu a sura 8, masu ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu su ƙara kuɗi.

Ladi: Kada ku ɗauka washegari na jefar da shi. Wata uku na yi ina ciniki da Allah. Na ce zan ƙara baiko. Na ce zan yi awo da mai kyau ga tsofaffi da 'yan ikilisiyarmu, sauran kuwa su yi haƙuri. Abin da ya karya ni wata yarinya ce cikin masu dako da kwano a ka, ta zo sayen wake olonka ɗaya da kuɗin da ta wuni tana tarawa. Ta kwance bakin zanenta tana ƙirga tsaba. Hannuna ya kai ga lotsattsen, don ya saba, sai na kasa ɗaga shi. Ranar na kai shi gida, yanzu a cikinsa nake zuba toka.

Bitrus: Yaya, ban ƙi taki ba, amma bari in ja da Baba kaɗan. A Afisawa 2, aya 8 da 9, Bulus ya ce da alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba. In muka ce sai an gyara gwangwani kafin Allah ya karɓi mutum, ba mun koma ƙarƙashin Shari'a ba?

Baba Istifanus: Ka tsaya a aya 9 kamar direban trotro, ƙaramar bas ta haya, da ya ga fasinja. Ƙarasa zuwa 10 mana, inda ya ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Amma tambayarka tana da kyau, kuma labarin Zakka ne amsarta. Luka 19. Shugaban masu karɓar haraji a Yariko, gajere, ya hau itace don ya hango Yesu. Wa ya fara magana?

Bitrus: Yesu. Ya ce ya sauko, yau a gidansa zai sauka.

Baba Istifanus: A lokacin Zakka ya mayar wa wani ko fesuwa ɗaya, wato ko kwabo?

Bitrus: A'a.

Baba Istifanus: To ka gani. Baƙon ya riga ya karɓe shi, mutanen gari suna gunaguni, sannan Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Ba kuɗin shiga ya biya ba. Kuma ninki huɗun nan ba daga kansa ya ƙago ba, a Fitowa 22 wanda ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar, huɗu yake biya. Mutumin ya yanke wa kansa hukuncin ɓarawo da bakinsa, babu alƙali babu ɗan sanda.

Ladi: Mu kuwa mun riƙe zakka ta kashi ɗaya cikin goma, mun manta da Zakka na kan itace.

Baba Istifanus: Ladi, bakinki. Amma haka ne. Ƙidayar 2021 ta ce Kirista sun haura kashi 70 cikin 100 a Ghana. Fita titi ka karanta bayan motoci da goshin shaguna, sunan Allah ko'ina. Daren 31 ga Disamba ba ka samun kujera a majami'a. Da ƙidaya tana auna olonka, da mun ji kunya. Mu kuma da muke zaune a zango, maƙwabtanmu yawanci Musulmi ne, muna sayen kokonsu da ƙosai, suna sayen wakenmu. Mai kokon nan ta bakin layi ba za ta taɓa buɗe Luka ba, amma ta san ko awon Ladi cikakke ne.

Ladi: Sai dai akwai inda na maƙale, Baba. Zakka ya san waɗanda ya cuta, yana da takarda. Ni shekara shida ina auna wa mutanen da ban san sunansu ba. Ina zan same su? Abin da nake yi yanzu, duk wanda ya saya ina tula masa gyara har ya zubo. Ban sani ba ko ya isa.

Baba Istifanus: Littafin Ƙidaya sura 5 ya taɓo wannan. Wanda ya cuci wani ya furta, ya biya, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. In mai haƙƙin babu shi, babu kuma danginsa, sai a kai wa Ubangiji, ya zama na firist.

Ladi: Ah, fasto ya ji wannan ai sai ya sa a karanta kowace Lahadi.

Baba Istifanus: Shi ya sa ban cika faɗa a gabansa ba. Ni a ganina gyaran da kike yi hanya ce, tunda talakawan da aka rage wa su ne dai suke dawowa. Abin da ba zan yarda ba shi ne ki mai da shi bulala kina dukan kanki har mutuwa. Yahaya ya rubuta a wasiƙarsa ta fari cewa in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, zai gafarta. Bashin mutane kike biya, na Allah an biya a kan gicciye. Bitrus, ka yi shiru.

Bitrus: Baba, tunkiyata ce take kuka.

Ladi: Na faɗa.

Bitrus: Wata takwas da suka wuce ina shago a Suame, wajen masu kayan gyaran mota, sai wayata ta yi ƙara. Sidi 600, kuɗin Ghana, sun shigo ta momo, wato asusun kuɗi na waya, daga sunan da ban sani ba.

Baba Istifanus: Miliyan shida ke nan.

Ladi: Baba, tun 2007 aka canja kuɗi, ku har yanzu kuna kan tsoho.

Bitrus: Da fari na ce 'yan damfara ne, kun san yadda suke turo saƙon ƙarya su kira suna kuka. Na duba, kuɗi na gaske ne. Wata mata ta kira, muryar tsohuwa, ta ce lamba ɗaya ta kuskure, na jikanta ne. Na ce zan duba. Ta sake kira, na kashe waya. A satin nan mai ɗaki yana kaina, na yi addu'a har da azumi, sai na ce wa kaina ai amsa ce ta zo. Na cire kuɗin nan take. Abin kunyar, ranar Lahadi na fitar da sidi 60 na sa a ambulan.

Ladi: Kai! Ka ba Allah kason sata.

Bitrus: Tun ranar in na durƙusa, lambar nan nake gani. Tana ƙarewa da bakwai biyu.

Baba Istifanus: Yesu ya ce a Matiyu 5, in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye shi gaban bagade, ka je ku shirya tukuna. Ka goge lambar?

Bitrus: Sau biyu na yi niyya, ban goge ba. Amma Baba, me zan ce mata bayan wata takwas? Za ta zage ni.

Baba Istifanus: Wataƙila. Ta cancanci ta yi, ka tsaya ka ji. Kada ka ce mata layi ne ya lalace, ka ce kai ne ka ci. Nawa ne kashi ɗaya cikin biyar na 600?

Bitrus: 120. Amma ai kun ce ba ma ƙarƙashin Shari'a.

Baba Istifanus: To bi na Zakka, 2,400.

Bitrus: A bar shi a 720.

Ladi: Kana da su?

Bitrus: Ina da 500 a waya. Ranar Juma'a zan ɗauki adashi.

Ladi: Juma'a ta yi nisa, kafin nan Shaiɗan ya kawo maka wani lissafi. Zan ranta maka 220, kuma ni ba na yafe bashi. Mai momo na bakin titi ba ya rufewa sai ƙarfe takwas.

Bitrus: Masu sauraro, kun ji yadda aka yi da ni. Baba, ku rufe mana da addu'a.

Baba Istifanus: Za mu yi in kun dawo. Ladi, ɗauki tocilan, layin nan babu wuta.